Wurin da Baba Ya Nutse

Vesterklit, Denmark
3 ga Mayu, 1964

Zuwa ga yayana Thorkild,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Doreen da yaran. Yaya ƙafar taka? Ka ce a wasiƙar Kirsimeti tana damunka, daga nan kuma sai shiru, sai ka ce a Kanada ba a sayar da takarda. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Inna tana cin abinci, tana faɗa kamar kullum, amma ta rame, rigunanta duk sun yi mata yawa.

Sanyin bana ya ci mana gaɓa taku huɗu. Tsohuwar cocin nan da ke kan gaɓa, saura taku tara tsakaninta da baki, na auna da ƙafata. Maƙabartar kuwa rabinta ta riga ta sauka, mai share coci kullum da safe sai ya bi bakin teku da buhu yana tsintar kakanninmu. Hukuma ta aiko da takarda cewa a watan Agusta za a kwance ginin, a sa wa kowane dutse lamba, a kai ma'aji kafin teku ya riga su.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ran Litinin bayan Ista muna feraye dankali, Inna ta ajiye wuƙa ta ce, "Ki ce wa Ejnar ya kai ni wurin ubanku." Na ɗauka ban ji daidai ba. Ka san matar nan: shekara talatin da ɗaya tun da Baba ya nutse ba ta taka yashin bakin teku ba, kujerarta ma baya take ba taga. Na ce, "Inna, cikin jirgi?" Ta ce, "A'a, a kan keke. Cikin jirgi mana!"

Na je na sami Ejnar, ɗan Kawu Jeppe, shi ne ya gaji jirgin ubansa. Ya ce kaiwa ba wuya, amma ina? Ya ce teku ba gona ba ne da za a nuna da yatsa, sai an ba shi alamomin tudu, abu kaza ya hau kan abu kaza, layi biyu su haɗu, kamar yadda kowane masunci yake riƙe wurin kifinsa. Shi yana ɗan shekara goma a lokacin. Kawu Jeppe ya mutu da nasa a ciki, sauran biyun da ke jirginsa ranar su ma sun tafi. Saura kai.

Kana cikin jirgin Kawu, kuna kusa da na Baba, ka gani da idonka, kuma ba ka taɓa cewa komai ba. Yanzu ka ce. Ejnar ya ce duk alamomin wannan gefen da coci ake ɗaukarsu, saboda haka ka rubuto kafin Agusta, don Allah.

Ƙanwarka,
Ragnhild

Saskatchewan, Kanada
29 ga Mayu, 1964

Ragnhild,

Na sami wasiƙarki. Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi. Mun gama shukar alkama, ruwa muke jira. Doreen tana gaishe ku.

Na karanta inda kika ce na gani da idona ban ce komai ba. Na karanta shi ya fi sau goma. Idan tambayar ita ce me ya sa ni na dawo shi bai dawo ba, me ya sa ban faɗa ruwa na bi shi ba, to ki yi ta kai tsaye, ba sai kin laɓe bayan coci ba. Shekarata ashirin a lokacin. Shekara uku na yi a garin nan bayan abin, ina ganin yadda Inna take kallona idan na zauna a kujerarsa. Kin zaci don son alkama na zo inda ko rafi ba a gani?

Tsohuwa mai shekara saba'in da shida ba ta da abin yi a cikin jirgin kamun kifi. Ku rarrashe ta ta haƙura. Ku bar mutumin ya kwanta inda yake, ni ma ku bar ni.

Thorkild

Vesterklit
12 ga Yuni, 1964

Yaya Thorkild,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka ci gaisuwar ba. Muna lafiya. Inna ta yi mura ta warke.

Kai, Allah ya shirye ka! Wa ya ce ka kashe Baba? Na ce kai kaɗai ka sani, shi ke nan abin da na ce. Da zagi nake so in yi, ka san ba na buƙatar zagaye. Na yi kuka da na karanta wasiƙarka, sannan na ji haushi, kuma har yanzu haushin ya fi yawa.

Baƙin shan iska sun fara zuwa. Gidan na ba da haya ga wasu mutanen birnin Aarhus masu yara huɗu da kare, ni da Inna mun koma ɗakin ajiyar taru kamar kowace shekara. A nan, tsakanin warin kwalta da igiyoyi, na matsa mata sai ta gaya mini dalili. Na ce ɗanki ya ƙi, in kina so in sake roƙonsa sai in san abin da nake roƙo a kai.

Ka tuna shekarar da Baba ya fara ba da gidan haya? Ya ba wa likitan haƙorin nan na Copenhagen bai shawarce ta ba, ta dawo daga shanya kifi ta tarar da wata mata a kan gadonta da takalmi. Ka tuna ta daina yi masa magana? Kai kana teku kullum, wataƙila ba ka lura da tsawon abin ba. Ni na lura, don ni ce 'yar aike. "Ki ce wa ubanki abinci ya nuna." "Ki ce wa ubanki rigarsa tana kan ƙusa." Yana zaune a gabanta fa! Tun Yuni har Nuwamba. Baƙin sun tafi, mun koma gida, ba ta sauko ba.

Ta ce da safen ranar da ya nutse ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Petrea, zan fita." Ya daɗe a tsaye. Ita tana gaban murhu ba ta juyo ba. Ta ce mini, "Na huce tun Satumba, Ragnhild. Jira kawai nake ya sake ba ni haƙuri sau ɗaya, sai in yi dariya. Shi kuma ya gaji da bayarwa." Kallon da kake cewa tana yi maka, kujerar take kallo, ba kai ba.

Na ce mata, "To ki faɗa a coci mana, ko daga bakin gaɓa, Allah zai isar." Ta ce, "Ubanku yana raye ma sai an matso kusa da kunnensa. Ni zan je inda yake in gaya masa da bakina."

Ka ji abin da ake ciki. Ba wanda yake tuhumarka. Magana ɗaya ce take bin tsohuwar nan shekara talatin da ɗaya, kuma ba na jin tana da wani rani bayan wannan. Layi biyu kawai za ka rubuta.

Ƙanwarka,
Ragnhild

Vesterklit
9 ga Agusta, 1964

Thorkild,

Kana raye? Doreen lafiya? In wani abu ya faru ku gaya mini, don na rasa yadda zan fassara shirun nan. Mu muna nan. Inna ba ta ci kamar da.

Sun fara. Ran Litinin suka sauke ƙararrawa, ran Laraba suka yaye rufin. Ka ga jama'a! Baƙi da kyamarori, motoci har bakin gonar fasto, wani ma ya kafa tebur yana sayar da tsiren alade da lemo. Wata Bajamushiya ta tare ni tana tambaya ƙarfe nawa ginin zai faɗi, ita tana so ta kawo yaranta. Na ce mata ba a fitar da lokaci ba tukuna, ta duba allon sanarwa a otel.

Na je na sami shugaban ma'aikatan, na roƙe shi ya bar bangon yamma, mai tsinin nan, ya zama na ƙarshe. Na gaya masa dalili. Mutumin kirki ne, har ya cire hula. Ya ce, "Uwargida, bangon yamma shi ne a bakin gaɓa, in ya tafi da mutum ni za a tambaya. Kwana goma zan iya ba ki, ba ƙari." Na je wurin fasto, ya ce ba a hannunsa yake ba. Na rubuta wa hukuma, sun aiko mini da ƙaramin littafi mai hotuna a kan tarihin cocin.

Kwana huɗu sun tafi daga cikin goman. Teku lumui yake sati biyu ke nan, Ejnar ya ce bai taɓa ganin Agusta irin wannan ba. Jirgi a shirye, mai a ciki. Kullum da hantsi Inna sai ta ce, "Mai wasiƙa ya wuce?" In ce ya wuce. Ta ce, "To."

Jiya na buga maka tangaraho. Ban san me kuma zan yi ba. Da zan iya tahowa in shaƙe ka har ka faɗa, wallahi da na taho.

Ragnhild

Saskatchewan
30 ga Agusta, 1964

Ƙanwata Ragnhild,

Muna lafiya, ba abin da ya same mu. Ina fata Inna ta samu sauƙi.

Ban san ta inda zan fara ba. Wasiƙarki ta Yuni ban buɗe ta ba. Na zaci zagi ne, na jefa ta cikin aljihun tebur na ce sai na huce. Kin ji ɗan Inna. Tangarahon da wasiƙar Agusta suna gidan waya na gari, mu kuma muna girbi, sai shekaranjiya Doreen ta je ta karɓo. Na buɗe duka uku a tsaye a bakin rumbu. Ban iya komawa aiki ba ranar.

Ban san wannan labari ba. Na rantse miki ban sani ba. Ki ce wa Inna ta yafe mini.

Ga alamomin, ban taɓa manta su ba, Kawu Jeppe ya sa na maimaita masa su sau uku kafin mu juyo. Na farko: hasumiyar fitila mai haska wa jirage ta tsaya daidai tsakiyar Kwarin Jirage, inda muke gangarar da jirage zuwa ruwa. Na biyu: tsinin bangon yamma na coci ya hau daidai kan ƙoƙon Tsohuwa, babban tudun yashin nan na bayan gari. Inda layin biyu suka haɗu, nan ne.

In sun riga sun rushe bangon, ai wurin yana nan. Ku kafa doguwar sanda a inda yake, Ejnar ya saita ta da kan Tsohuwa. Ba na jin zai gagara.

Yayanki,
Thorkild

Vesterklit
14 ga Satumba, 1964

Yaya Thorkild,

Mun gode Allah da kuna lafiya. Wasiƙarka ta zo ran Juma'a. Idon Inna ba ya karatu yanzu, ni na karanta mata. Da na zo inda ka ce ka jira ka huce, ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ɗan banza, jinina ne." Ta ce in gaya maka ba abin yafewa.

Bangon ya sauka tun 16 ga Agusta. Ba coci yanzu, sai daɓen ƙasa da igiyar hana shiga.

Amma Thorkild, shekara nawa rabonka da gida? Ashirin da takwas. Ka manta Tsohuwa tafiya take yi? Kowace shekara iskar yamma sai ta tura ta taku goma sha biyar ko fi. Ta binne gonar maƙwabtanmu su Bolette har da bututun hayaƙin gidan, ta shiga cikin itatuwan da aka dasa don a tare ta. Ƙoƙon da ka sani babu shi, kanta ya rabe biyu, ya baje, 'ya'yan baƙi suna hawa suna gangarowa a kan kwali. Ejnar ya ce da cocin tana tsaye da ya kintata, don idonsa ya saba da yadda tudun yake zaune a bayanta tun yana yaro. Da babu ko ɗaya, ya ce ƙarya zai yi mana in ya ce ya sani.

Duk da haka mun gwada sandar taka. Na ɗinke zanen gado biyu, na ɗaura a sandar tutar makaranta, na tsallake igiyar hukuma na tsaya a kan daɓen awa uku iska tana neman ta kwashe ni. Baƙin da suka rage suka taru suna tafi, sun zaci biki ne. Ejnar ya dawo ya ce daga can ko ɗigo bai gani ba. Mun je wurin akawun tashar jirage ya shimfiɗa taswira ya ɗora rula. Ya tambaye mu ina kan tudun yake a 1933, tsofaffi uku suka nuna wuri uku. Ya ce kuskuren faɗin yatsa a takarda mil guda ne a ruwa.

Saura layi ɗaya. Hasumiya tana nan, kwarin yana nan. Ejnar ya ce daga bayan tudun yashin ƙarƙashin ruwa na uku har inda hasumiya take ɓacewa, tafiyar awa biyu ce a hankali. Baba yana wani wuri a kan wannan.

Na gaya wa Inna duka. Ta ce, "Amma yana kan layin?" Na ce yana kai. Ta ce, "To, a bi layin."

In akwai wani abu da ka tuna, komai ƙanƙantarsa, ka rubuto yau. Iska ta fara juyawa, Ejnar ba zai wuce farkon Oktoba bai ja jirgi tudu ba.

Ƙanwarka,
Ragnhild

Vesterklit
3 ga Oktoba, 1964

Yaya Thorkild,

Da fatan kuna lafiya. Ni lafiya. Inna tana kwance da zazzaɓi, likita ya zo ɗazu.

Mun fita jiya. Ba mu iya jira ba. Kwana tara ana iska, jiya da safe ta kwanta, Ejnar ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce rediyo ta ce rana ɗaya ce, in ba yau ba sai baɗi.

Inna ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta gyara gashi, har da turaren da Doreen ta aiko mata wanda ba ta taɓa buɗewa ba. Maza biyu suka ɗauke ta da kujerarta suka gangara kwarin. Ejnar ya ce, "Gwaggo Petrea, yau sai ka ce amarya." Ta ce, "Rufe mini baki ka ja jirgi, ubanka ma ban ji tsoronsa ba." 

Da muka wuce tudu na uku Ejnar ya juya baya, ya saita hasumiya a tsakiyar kwari, ya cire hula ya ce, "Mun hau layin." Ta kama gefen jirgi da hannu biyu ta leƙa ruwa. Na zaci za ta yi dogon jawabi, na shirya in kau da kai. Sai ta ce da ƙarfi, "Laurits, na huce." Ta ja numfashi ta sake. "Laurits, na huce." Sai na gane dabarar tata. Tun da ba ta san inda yake ba, za ta yi ta faɗa tun daga farkon layin har ƙarshe, duk inda yake ya ji.

Injin yana da ƙara, dole ta ɗaga murya. Na ce Ejnar ya kashe, ya ce in ya kashe ruwa zai janye mu daga layin. Haka muka yi ta tafiya. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, Thorkild. Ba kuka take ba. Yadda take kiranmu cin abinci muna yara, haka take kiransa. Ejnar yana kallon hasumiya, hawaye na bin gemunsa, bai share ba don hannunsa yana kan sitiyari.

Bayan kamar awa guda muryar ta fara dishewa. Na ba ta kofi mai zafi, ta kurɓa ta ci gaba. Minti goma sha biyar bayan haka sai sunan kaɗai yake fita. Daga nan sai leɓe yana motsi ba sauti. Ta bugi ƙirjinta, ta yi kaki, ba abin da ya fito.

Na ce, "Inna, bari in karɓa miki, ni in faɗa." Ta riƙe wuyan rigata ta jawo ni, ta ce a kunnena, "Kin gama kai mana saƙo, ke."

Sauran layin a shiru muka bi shi, kusan minti arba'in da biyar. Ejnar bai juya ba sai da hasumiya ta ɓace, don ta ɗaga masa yatsa kada ya kuskura. Ta zauna na lulluɓe ta da bargo, tana kallon ruwa yana wucewa.

Muka dawo gida. Sai da na kwantar da ita ta yafito ni, ta ce cikin raɗa, "Mun wuce shi kafin muryar ta tafi, ko bayan?" Na ce ban sani ba. Yau ta tambaye ni sau huɗu. Ta tambayi likita ma, bawan Allah bai san me take nufi ba, ya ce ta sha magani.

Na gaji, Thorkild. Na yi duk abin da na iya, kuma ban san ko mun yi wani abu ba.

Ƙanwarka,
Ragnhild

Saskatchewan
5 ga Oktoba, 1964

Ƙanwata Ragnhild, da Inna,

Ina gaishe ku da kyau. Muna lafiya ƙalau. An gama girbi, alkama ta yi kyau bana. Ƙafata ta warke sarai. Babbar 'yarmu Karen ta sami aikin koyarwa a gari, ƙaramin kuma ya fi ni tsawo yanzu, cin abinci kamar doki. Doreen tana saƙa wa Inna mayafin ulu, zai iso kafin Kirsimeti. Inna, na ji kin kira ni ɗan banza, na karɓa.

Yanzu ga magana, na sa ta a shafi na dabam don Ejnar ya tafi da ita jirgi.

Tun da wasiƙarki ta 14 ga Satumba ta zo nake tilasta wa kaina komawa ranar nan, abin da na ƙi yi shekara talatin. Jiya ina naɗe igiya a rumbu sai hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Bayan jirgin Baba ya kife ya nutse, Kawu ya ce a jefa ƙugiya a ja ƙasa. Ni na riƙe igiyar. Ta kama wani abu mai nauyi, muka ja mu uku, ta kuɓuce. Da na naɗo ta na auna jiƙaƙƙen wurin da hannuwana, don ban san abin da zan yi da kaina ba. Gaba goma sha shida, kowane gaba buɗin hannu biyu. Ba na shakka ko kaɗan.

Ƙasan tekun wurin gangara take yi a hankali, zurfi ɗaya ba ya maimaituwa a kan layin. Ejnar ya hau layin hasumiya, ya bi har ya sami gaba goma sha shida, ya tsaya. Ba a buƙatar coci, ba a buƙatar Tsohuwa.

Kada ku fita sai wannan ta iso. Ki karanta wa Inna da kanki, ki rubuto mini yadda fuskarta ta yi.

Naku,
Thorkild

Vesterklit
19 ga Oktoba, 1964

Yaya Thorkild,

Wasiƙarka ta iso yau da hantsi, ta yi saɓani da tawa a hanya. Yanzu ka riga ka san mun fita. Na ji daɗin labarin Karen. Ni lafiya.

Inna zazzaɓin ya sauka amma ya bar mata ƙirji. Ba ta tashi daga gado. Muryar ba ta dawo ba, sai raɗa. Na tambayi likita ko za ta iya sake shiga jirgi, ya ce mu ga bazara tukuna, yana faɗa yana kallon jakarsa. Jirage duk suna tudu, teku ya tashi tun sati biyu, daren jiya ma ya tafi da rabin daɓen cocin.

Na karanta wasiƙar a bakin ƙofa, ban cire rigar girki ba na ruga wurin Ejnar. Ka san yana da na'urar nan mai zana zurfin ruwa a takarda, wadda yake taƙama da ita. Na ce, "Ranar nan, da muryar Inna ta ɗauke, ka duba?" Ya ce ya duba. Na ce nawa? Ya ce goma sha ɗaya. Na miƙa masa shafinka na biyu. Ya karanta ya zauna a kan akwatin kifi. Ya ce ya tuna inda muka wuce sha shida, kusan rabin awa bayan nan ne. Ya ce a lokacin ina gyara mata bargo, ita kuma bakinta a rufe.

Za ka ce in yi mata ƙarya. Na yi tunanin haka tun daga kwarin har gida. Amma Ejnar yana zuwa gaishe ta kowace yamma, shi za ta tambaya, kuma ka san fuskarsa ba ta iya ɓoye ko satar sukari.

Inna ta ji muryar mai wasiƙa. Da na shigo ta miƙo hannu. Na zauna a bakin gado na karanta mata alkama, da ƙafarka, da Karen, da mayafin, ta yi murmushi a wurin ɗan banza. Na ninke ban karanta shafi na biyu ba, na ce shi ke nan. Ta laluba ta kama takardar, ta murza ta tsakanin yatsu, ta ce, "Biyu ce."

Na ce bari in ɗora ruwan kofi. Ruwan ya tafasa tun ɗazu. Ina zaune a kicin ina rubuta maka wannan, ita kuma tana ƙwanƙwasa bango da sandarta.

Ƙanwarka,
Ragnhild